ZAFI DA ƊARI A ƊAKIN UWARGIDA

'Yan'uwa mata, duk wadda ke zaune a Tarai, ko Kibiya, ko Rano da ƙauyukan da ke kewaye da su, ta san akwai lokaci biyu a shekara da ɗaki ke gagarar kwana. Na farko shi ne tsakiyar hunturu, watau Disamba da Janairu, sa'ad da iska mai ƙura ke busowa daga arewa maso gabas, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya ƙi taɓuwa da asuba. Na biyu kuwa bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, yara su kwana suna kuka, ƙurajen zafi su feso musu a wuya da baya.

Wannan wahala galibi a kan uwargida take ƙarewa. Ita ke hura kasko, ita ke yi wa jariri fifita, ita ce kuma ke kwana zaune in yaro ya kamu da tari. Saboda haka ya kamata ta san yadda ɗaki ke yin sanyi da yadda yake yin ɗumi, tun daga soron ƙasa har zuwa na'urar nan ta lantarki da ake kira iyakwandishan, wadda yaran yanzu ke ce wa esi. Ku kuma 'yan makaranta ku karanta da kyau, gama abin da malamin kimiyya ke rubuta muku a allo shi ne ke faruwa kullum a ɗakin iyayenku.

KA'IDA ƊAYA CE

Zafi tafiya yake yi, kuma kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. Abin da muke kira sanyi ƙarancin zafi ne kawai. Watau in an ce an sanyaya ɗaki, an kwashe zafin cikinsa ne an kai wani wuri.

Hanya uku zafi ke bi. Yakan bi jikin abu, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi cikin miya. Yakan bi iska, shi ya sa hayaƙi da tururi ke tashi sama, domin iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Yakan kuma zo ta hucin wuta ko hasken rana, kamar yadda fuska ke jin garwashi ko da an zauna nesa da shi. To, aikin uwargida da bazara shi ne ta tare waɗannan hanyoyi kada zafi ya shigo, wanda ya shigo kuma ta fitar da shi. Da hunturu sai ta juya, ta hana shi fita.

GINI SHI NE NA'URA TA FARKO

Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta. Magina na dā sun san wannan sha'ani ba tare da lantarki ba. Sukan yi katanga mai kauri da tubali, su rufe da azara ta giginya, su zuba ƙasa a kai, sa'an nan su shafe da makuba ko laso don kada ruwa ya ci. Ƙasa mai kauri takan sha zafin rana a hankali, sai ya yi sa'o'i da yawa kafin ya ratsa zuwa ciki. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, in dare ya yi kuma ya riƙa fitar da ɗumin da ya sha. Haka duwatsun Rano suke yi: ki taɓa su bayan magariba, za ki ji har yanzu da ɗuminsu. Wadda ta taɓa shiga Gidan Makama a birnin Kano da tsakar rana ta ga shaida, gama da shigarki zaure za ki ji kamar an canja miki gari.

Wannan hali na soro alheri ne da hunturu. Da bazara kuwa shi ke kore mu tsakar gida da dare, domin a lokacin ne katanga ke amayar da zafin yini. Ɗakin jinka dabararsa dabam ce. Shuci na da iska tsakanin ciyayinsa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauri, sa'an nan iska mai zafi takan sami hanyar sulalewa ta sama.

Yanzu a Tarai da sauran garuruwanmu bulo da kwano suna ta maye gurbin tubali da azara, don sun fi jure wa damina, ba su kuma bukatar yaɓe kowace shekara. Amma kwano siriri ne, ba ya tare komai. Da tsakar ranar bazara zafinsa yakan haura digiri 60, yana kuma zubo wannan huci a kan mutanen ɗaki. Da hunturu kuma shi ne ke fara sakin ɗumi, ɗaki ya zama kamar waje. Ga abin da za a iya yi masa:

1. A sa silin. In babu halin na kanti, ko zana ko tabarma aka ɗaura ƙarƙashin kwano za a ga bambanci, sai dai a nisanta ta da fitila da wayar lantarki.

2. A bar 'yar kafa tsakanin silin da kwano ta kowane gefe, don iska mai zafi ta fita. A toshe ta da raga saboda ɓera da jemage.

3. A shafa wa kwano farin fenti ta sama, domin fari na mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, wata ƙungiyar mata mai suna Mahila Housing Trust ta yi ta taimaka wa matan unguwannin talakawa suna shafe rufinsu da irin wannan fenti, aka ga zafin ɗaki ya ragu da 'yan digirori.

4. A dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma da ɗaki, ko a yi rumfa, gama ranar la'asar ce ta fi dafa katanga.

5. Taga biyu masu duban juna sun fi babbar taga ɗaya. Da bazara a rufe su da rana, a buɗe da dare in waje ya huce.

Wannan magana ta taga ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Cutar sanƙarau a lokacin rani take yaɗuwa, musamman inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba iska. Annobar shekarar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, Kano kuwa na cikin inda ta fi tsanani. A bar iska ta ratsa ɗaki, a kuma kai yara rigakafi.

GUMI DA RANDA DA FANKA

Me ya sa ruwan randa ke sanyi, na bokitin roba kuwa ya yi ɗumi? Jikin randa na da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, in ya fito sai ya bi iska. Ruwa kuwa ba ya bin iska sai ya sami zafi, don haka sai ya ɗebi zafin ruwan da ke ciki ya tafi da shi. Ba kuma kaɗan yake ɗiba ba. Zafin da lita ɗaya ta ruwa ke kwashewa in ta bi iska ya fi ninki 5 na wanda ake bukata a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa.

Da wannan dabara ce wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa firjin ƙasa a ƙauyuka. Akan sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Gumi ma haka yake yi wa jiki. Fanka kuwa, ki sani, ba ta rage zafin ɗaki ko kaɗan. Iska kawai take kaɗawa don gumi ya bushe da sauri, jiki ya ji sanyi. Saboda haka barin fanka a kunne a ɗakin da ba kowa asarar wuta ce. In kuma zafin ɗaki ya kai digiri 40, watau ya fi na jikin mutum, fanka ita kaɗai iskar zafi za ta riƙa hura miki. Sai ki haɗa mata da ruwa: ki yayyafa a ƙasa, ki rataya jiƙaƙƙen zane a taga, ki goge jikin yaro da ruwa. Wannan ya fi aiki da bazara, lokacin da iska ke bushe. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima, shi ya sa ko randa ba ta sanyi sosai.

YADDA IYAKWANDISHAN KE AIKI

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ne ya ƙera irin ta zamani a shekarar 1902. Ba ma don mutane ya yi ta ba, don wata maɗaba'a ce a birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura, launi ya ƙi zama daidai. Daga baya ne ta shiga gidaje.

Asalinta dabarar randa ce aka kulle cikin bututu. Kin tuna sanyin da kike ji in ma'aikaciyar asibiti ta goga miki auduga mai sifirit kafin allura? Sifirit ya fi ruwa saurin bin iska, shi ya sa. To, cikin bututun iyakwandishan akwai wani sinadari da ya fi sifirit nesa ba kusa ba, wanda ke tafasa tun a sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Shi ne masu gyara ke kira gas. Ga yadda yake zagayawa:

Da farko yana shiga bututun akwatin da ke cikin ɗaki yana ruwa-ruwa, mai sanyi ƙwarai. 'Yar fanka ta jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututun. Sinadarin ya sha zafin iskar, ya tafasa, ya zama tururi, iskar kuma ta dawo ɗaki da sanyinta.

Na biyu, tururin ya bi bututu zuwa akwatin da ke waje, inda wani inji da ake kira kwamfaresa ke matse shi. Duk iskar da aka matse zafi take yi. Ku taɓa famfon keke bayan an ba taya iska, za ku ji. Matsar nan ke sa tururin ya fi iskar waje zafi.

Na uku, tun da ya fi waje zafi, sai zafin ya gudu daga bututu zuwa iska, fankar waje tana korarsa. Hucin da kike ji in kin gitta ta bayan akwatin, zafin ɗakin ne aka fitar. Da tururin ya huce sai ya koma ruwa.

Na huɗu, ruwan ya bi ta wata matsattsiyar kafa, matsi ya sake shi, ya yi sanyi nan take, ya koma ɗaki ya sake ɗibar wani zafin. Haka yake ta zagayawa. Firjin da ke kicin ma haka yake aiki, shi ya sa bayansa ke da ɗumi.

Ruwan da ke ɗiga daga na'urar kuwa laimar ɗaki ce ta taru a jikin bututu mai sanyi, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi. Akwai kuma wani ɗan ma'auni a ciki mai lura da zafin ɗaki. In ya kai lambar da kika sa a rimot sai ya tsai da kwamfaresa, ko ya rage masa gudu.

In maigida ya sayo ta, ga abin da za ki kiyaye:

1. Tana da cin wuta. Mai ƙarfin doki ɗaya takan ci wajen wat 800 zuwa 1,000, fankar silin kuwa wajen wat 70. Watau guda ɗaya ta fi fanka 10 ci.

2. Ki sa ta a 24 ko 25. Irin ta gama-gari, ko kin sa ta a 16 ba za ta fi saurin sanyaya ɗaki ba, kin dai hana kwamfaresa hutawa.

3. Ki rufe ƙofa da taga, ki saki labule. Ɗakin kwano marar silin kuwa, sa masa iyakwandishan kamar zuba ruwa ne a rariya.

4. Akwai raga mai tace ƙura a bayan murfinta. Ki cire ta ki wanke da ruwa kamar kowane mako 2, ta bushe kafin ki mayar. Ƙurar ƙasarmu na toshe ta da wuri.

5. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, ki jira kamar minti 3 kafin ki kunna.

6. Gas ba ya ƙarewa kamar kananzir, zagayawa kawai yake yi. In mai gyara ya ce ya ragu, to bututu na yoyo. A toshe yoyon kafin a ƙara wani. Irin gas na dā ma an gano yana lalata rufin sararin sama mai tare mugun hasken rana, shi ya sa ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Montreal a 1987 a daina yinsa.

7. Kada a kwantar da jariri ko tsohuwa daidai inda iskar ke bugowa.

YADDA AKE ƊUMAMA GIDA

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, kamar Ingila, akan sa babbar tukunyar ƙarfe mai aiki da gas a gefe ɗaya na gida. Ita ke dafa ruwa, famfo ya tura shi cikin bututu zuwa wasu faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Ruwan ya saki ɗuminsa, ya koma tukunya a sake dafa shi. Hayaƙi kuwa yana da bututunsa dabam mai kai shi waje. Akwai kuma iyakwandishan mai juya aikinta: da ɗari sai ta ɗebo ɗan zafin da ke iskar waje ta zuba a ɗaki. A arewacin ƙasar Sin mutanen karkara na da gadon tubali da ake kira kang, wanda hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa kafin ya fita waje.

Mu ma muna da irinsa, watau gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, ga kuma kasko. Amma ki lura da bambancin: nasu duka hayaƙi waje yake fita, namu kuwa cikin ɗaki yake zama. A nan haɗarin yake.

GAWAYI A RUFAFFEN ƊAKI

Gawayi in yana ci inda iska ba ta isa ba, yakan fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Garwashin da ya yi ja, ba hayaƙi ko kaɗan, shi ma yana fitar da ita. In ta shiga huhu takan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da sau 200, sai jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin sai a wuce. Jarirai da masu ciki su ta fi saurin kamawa.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da wannan a lokaci guda, kada a tsaya neman wani dalili. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, wanda ya suma ko ya rikice a garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Rano. Janareto ma wannan gubar yake fitarwa, har fiye da kasko. Kada a tashe shi a zaure, ko a ɗaki, ko gindin taga, ko da ana tsoron ɓarayi.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗumama ɗaki da kasko tun da magariba, ƙofa a buɗe, sa'an nan a fitar da shi kafin a kwanta. Katanga ta riga ta sha ɗumin, za ta riƙe muku. Sai a saki labule mai kauri, a shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti, a sa wa yara hula da safa. Riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu na tare ɗumi kamar yadda shuci ke yi.

Kada kuma a bar mai rarrafe kusa da kasko, ko mai farfaɗiya, ko yarinya mai rigar leda. In ƙuna ta faru a riƙa zuba ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Ban da shafa man gyaɗa, ko ƙwai, ko man goge baki.

GA MASU JEGO

Ba wadda ake tara wa zafi kamar mai jego: ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, ga gado mai wuta, ga kunun kanwa, har kwana 40. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura mata da yawa na zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, sun kuma ga abin ya fi yawa da zafi. Suka danganta shi da yawan zafi da gishirin kanwa, waɗanda ke ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya nuna akwai wasu dalilai kuma, kamar hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Ko ta yaya dai, jikin da ya sha wahalar haihuwa ba ya bukatar gashi. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa a rage, gado mai wuta kuwa a bar shi, balle da bazara. In mai jego ta fara haki, ko kumburin ƙafa, ko tarin da ke hana ta kwanciya, asibiti za a kai ta a ranar. Iyaye da surukai, wannan a hannunku yake.

To 'yan'uwa, kafin hunturu ya kama a duba ƙofa da labule, kafin bazara kuma a yi maganar silin da rumfa da maigida, tun kuɗin kaka na hannu. Ku 'yan makaranta ku karanta wa iyayenku da kakanninku wannan, musamman maganar gawayi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.